Ɗigon Kyandir a Kan Bakwai

Ina saukowa ta tsani da dish ɗin talabijin daga kan rufi, Baba ya fito yana dafa bango.

"Auta, me dish ɗin ya yi maka?"

"Tsada, Baba. Kuɗinsa na wata ɗaya zai biya mana wata uku a intanet. Kowa can ya koma yanzu."

Na zaunar da shi a falo. Na karɓe tsohon rimot ɗinsa mai ɗigon kyandir a kan lamba bakwai, na ce wannan ƙazanta ta isa haka. Na miƙa masa sabo, sumul, babu lamba ko ɗaya.

"Ina bakwai? Labarai nake so."

"Babu bakwai yanzu. Ga hotuna nan a jere, ka duba ka zaɓa."

Ya yi ta shafa rimot ɗin da babban yatsa har na ƙosa.

"Haba Baba! Kai da ka yi shekara talatin kana koyarwa? Ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro!"

Mama ta ajiye tsintsiya, ta dube ni, ta kau da kai.

Baba ya yi murmushi, fuskarsa tana kallon inda ba na tsaye.

"Ni na ɗiga kyandir ɗin, Auta. Tun bara da yatsa nake nemo bakwai. Kullum ka zo kana kan waya, sai na ce kada in katse ka."

Tsanin yana nan a jingine. Na ɗauki dish na koma sama, don falon ya fi ƙarfina.