Ƙarar da Ta Shiga Waƙar Alhaji Ladan

Andrawus ya sake danna fulogin ɗin. Kwamfutar ta yi jim, fankarta ta yi huci, sannan manhajar naɗar waƙa ta rufe kanta ba ko sallama.

Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake cusa wa babbar don ta yi aiki guda. Wannan aikinta share hayaniya daga sauti, kuma da ita Andrawus ya dogara lokacin da ya karɓi aikin Alhaji Ladan.

Alhaji Ladan mai sayar da tayil ne a Tudun Fulani. Ranar Litinin ya shigo sutudiyon Andrawus da ke Tunga, wuyansa naɗe da mayafi duk da zafin rana, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya tura wani sauti daga wayarsa. Waƙar yabon matarsa ce, Hajiya Barira, za a sa ta a walimar saukar karatunta ranar Asabar. A tsakar gida aka ɗauke ta.

"Wata ƙara ce ta shiga ciki ta ɓata komai," in ji Alhaji. "Ita nake so ka cire."

Andrawus ya saurara. Can ƙasa akwai muryar mace, siririya, mai sanyi. A kanta kuwa wani gurnani ne kamar injin markaɗe da aka zuba wa tsakuwa. Ya hau, ya sauka, ya tsaya kamar mai ya ƙare masa, ya sake tashi.

"Baba, muryar nan baiwa ce," ya ce.

Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi, har ya ce zai kawo masa abokansa 'yan kasuwa in aikin ya yi kyau.

To, fulogin ɗin dai ya ƙi. Da farko manhajar ta ce ba ta gan shi ba. Andrawus ya binciko shi a wani kundi da ba nasa ba, ya mayar da shi inda ya dace, ya sa ta sake lalube. Ta gan shi, ta ce ya tsufa. Ya sauko da sabo, ta ce ita ce ta tsufa. Ya sabunta ta, sai ta jefa fulogin ɗin cikin waɗanda ta haramta, ta haɗa da wasu da ba su taɓa yi mata laifi ba.

Ranar Laraba ya nemi lasisi. Lasisin ya ce agogon kwamfutar ba daidai yake ba. Andrawus ya gyara agogon, aka ɗauke wuta.

Kafayatu, mai shagon lemo da ke jikin nasa, ta leƙo ta tarar yana roƙon kwamfuta da sunanta na kamfani. Ta ce zafi ne ke damunta. Ta kawo ledojin ruwan sanyi, suka jera, suka ɗora kwamfutar a kai kamar mai zazzaɓi.

Ko ruwan ne, ko gajiya ta yi da gardama, ranar Alhamis da hantsi fulogin ɗin ya buɗe. Andrawus bai ko motsa kujerarsa ba don kada fulogin ɗin ya canza ra'ayi.

Ya nuna masa gurnanin, ya ce wannan ne abokin gaba. Abin da taurin kai. Ya cire shi a sama, ya ɓullo a ƙasa. A wasu wuraren har kamar yana bin kiɗa. Andrawus ya bi shi gaɓa-gaɓa, ya kankare, ya goge, har bai bar ko tarinsa ba.

Muryar matar ta fito tas. Yanzu har kalmomin ana ji: awara mai zafi, awara mai yaji, wanda ya ɗanɗana sai ya dawo. Andrawus ya ɗan yi mamaki, amma ya sha jin kirarin masoya iri-iri a wannan ɗakin. Ya ƙara mata amo mai daɗi, ya adana sabon sautin a kan tsohon, tsohon ya shafe.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya zo da Hajiya Barira, don ita ta fara ji. Ya ce ya goge sautin da ke wayarsa, kada jikoki su tona asirin kafin lokaci. Kafayatu ma ta tsaya a bakin ƙofa.

Andrawus ya kunna, ya harɗe hannuwa.

Waƙar ta cika ɗakin. Kafayatu tana gyaɗa kai. Hajiya ta karkata kunne, ta dubi mijinta.

"Alhaji, wannan ba Mubina ba ce, mai awarar bayan katangarmu?"

Alhaji ya saurari waƙar har ta ƙare. Ya warware mayafin wuyansa a hankali, ya juyo wajen Andrawus.

"Ɗana, ita ce ƙarar da na ce ka cire. Ina muryata?"