Ofireshin Ɗin Alhamis

Malam Abdulmalik yana alwala a bakin zaure ya jiyo ɗansa Abdulbaqi yana waya ƙasa-ƙasa.

"Ofireshin ɗin Alhamis ne. Na san akwai jini, na san ana iya mutuwa. Kada dai Baba ya ji."

Buta ta kuɓuce wa malam. Tsohon baduku ne a unguwar Jakara, bai yi boko ba, amma wannan kalma ya san ta sarai a rediyo. Sojoji na yin ofireshin a daji, 'yan sanda na yi a lunguna, 'yan fashi ma haka suke kiran fitarsu. Abdulbaqi kuwa ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba. Ɗan daba ne da ya tuba bara, wai. Hali kuwa zanen dutse.

Sai malam ya sa masa ido. Yaron ya bar shan taba farat ɗaya. Yakan fita da sassafe ko koko bai kurɓa ba, ya dawo da auduga manne a hannu. Ya bi 'yan uwa ɗaki-ɗaki yana neman gafara, irin sallamar wanda bai tabbata zai dawo ba.

Tsoro ya hana malam sakat. Ga shi a makon nan likitarsa Dakta Ikram ta ce zai kwanta asibiti a yi masa aiki, don wankin ƙoda ya daina riƙe shi, bai kuma san ko zai tashi ba. Da wane ido zai je gaban Allah, ya san za a zubar da jinin bayinsa ya yi shiru?

Ranar Laraba ya ja kumburarrun ƙafafunsa zuwa wurin 'yan sanda, yana hawaye ya ba da sunan ɗan cikinsa. Daga nan ya wuce asibiti aka ba shi gado. Kafin la'asar labari ya iske shi an tafi da Abdulbaqi a ankwa, an karɓe wayarsa. Malam ya juya fuska bango, ya ce gara haka.

Washegari da hantsi likita ta shigo hankali tashe.

"Baba, ina Abdulbaqi? Tun jiya wayarsa a kashe. Ya roƙe mu kada mu faɗa maka, amma ofireshin ɗin nan naka ba zai yiwu ba sai da shi, ƙodarsa ce fa za mu saka maka."