Sitiyarin Marigayi Iro

Ina 'yar shekara tara na kai wa Baba abinci garejinsa a unguwar Diobu, ana ruwa tun safe. An jawo wata motar shanu wadda direbanta, Iro, ya rasu a kan sitiyari. Ƙarti uku suka yi ta dukan sitiyarin da guduma don su cire shi, ya ƙi fita.

Baba ya ce su matsa. Ya yi wa kujerar da ba kowa sallama, ya ce, "Iro, saki haka nan, ai ka iso."

Da hannu ɗaya ya zare shi, ya miƙo mini. Ko'ina sanyi ƙalau, ban da wuri biyu da ake riƙewa. Nan da ɗumi, kamar yanzu aka saki.

Har yau ba na shiga mota ban yi sallama ba.