Ya Isa, Rufe

Da Mai Kwamfuta ya rubuta sunan kamfanin fentin a injin nema, shafin nan ne ya fito na huɗu. Jiya na tara ne. Makon jiya kuwa sai mutum ya gaji da gangarawa kafin ya gan shi.

Manaja na tsaye a bayansa, numfashinsa na sauka a ƙeyarsa.

"Ranar Alhamis masu binciken tsaftar muhalli za su zo," in ji Manaja. "Kafin su taka ƙofar nan sai sun duba mu a waya. Ko ka binne abin nan, ko ka kawo mini mai rubuta shi. In ba haka ba, ka bar mini makullin ofis a kan tebur."

Shafin ba shi da wani fasali. Babu suna, babu ado, hotunan ma a karkace: bututun bayan kamfani yana aman ruwa mai launin toka cikin kwata, kwatar kuma ta bi ta gindin rijiyoyin unguwa. Rubutun babu waƙafi babu aya, kamar mai shi na tsaye a kanka yana faɗa. Kowane rubutu da kalmomi uku yake ƙarewa: ya isa rufe. Manaja ya ce ai barazana ce, so ake a rufe kamfani.

Mai Kwamfuta ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Yini guda ya buɗe shafuka goma sha biyu, ya cika su da "kare muhalli" da "ingancin ruwa" da hotunan ma'aikata suna dashen itace. Suka yi kyau kamar kalanda. Ba wanda ya leƙa su.

A unguwar da ake maganar yake haya. 'Yarsa mai shekara huɗu ta yi wata biyu tana susa, amma shi ba ya son kallon hannuwanta ya daɗe.

Da safe, yana ɗaura takalmi, ya juye wa matarsa damuwarsa.

"Sa'ata ɗaya, mai shafin bai san kan abin ba. Injin nema ba ruwansa da gaskiyarka. Ka sa a taken rubutu abin da mutane ke tambaya da bakinsu, ka ambaci sunan titi, ka sa wasu su riƙa tura shi. Ranar da ya gane haka, na kaɗe."

Inna, mahaifiyarsa, tana gefe tana shafa wa yarinyar magani.

"Ku rage surutu, kun hana ta zama wuri ɗaya," ta ce. "Mutum da gemunsa, ya tashi yana kokawa da gilashi."

Washegari duk taken da ke shafin nan ya canza. "Me ya sa yarona ke ƙaiƙayi bayan wanka." "Ruwan rijiya yana warin fenti." Ga sunan titi a manne da kowanne. Matan unguwa suka shiga tura shi daga waya zuwa waya, mai shagon magani ya liƙa a nasa shafin, wata malamar makaranta ta liƙa a nata. Kafin azahar ya hau na biyu.

Mai Kwamfuta ya tuna wa ya faɗa wa sirrin nan jiya. Da matarsa ta shiga wanka ya ɗauki wayarta ya bincike tsaf. Bai sami komai ba sai kunya. Ya koma zargin wani ma'aikacin ɗakin gwaji da aka kora bara, ya bi sawunsa rabin yini, ya tarar mutumin ko waƙafi ɗaya ba ya tsallakewa in yana rubutu.

Ranar Laraba shafin ya zama na ɗaya.

Mai Kwamfuta ya zauna a ofis ya karanta shi tun daga farko, da babbar murya wannan karon, kamar ɗan makaranta. A wuri uku, inda ya kamata a ce bututu, butulu aka rubuta. A wani wurin, ana tsakiyar maganar rijiya, sai ga "sauka daga nan kar ki faɗi," maganar ta ci gaba abinta. Ya ɗago kai a hankali ya dubi Manaja.

"Yallaɓai, ba rubutawa ake yi ba. Faɗa wa waya ake yi, ita take rubutawa. Kalmomin ƙarshen nan ma ba da mu ake ba. Wayar ake cewa ta daina."

"Wato wanda bai iya riƙe biro ba ne ya kayar da kai," in ji Manaja. "Suna nake so. Saura awa ɗaya a tashi."

Mai Kwamfuta ya gangara wurin da masu karatu ke ajiye magana. Wata mata ta tambayi inda za ta tura hoton hannun ɗanta, aka ba ta lambar waya. Ya sha neman lamba a shafin bai gani ba, ashe da kalmomi wayar ta rubuta ta: sifili, bakwai, uku, har ƙarshe. Ya karanto, Manaja na rubutawa a bayan ambulan.

"Kawo wayarka. Kada su ga lambar ofis."

Manaja ya fizge ta, idonsa na kan ambulan yana dannawa da babban yatsa, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ya kife ta a tebur. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Mai Kwamfuta ya riƙe gefen kujera. A karo na huɗu aka ɗauka. Ana jin ƙarar bokiti da muryar ƙaramar yarinya daga nesa.

"Kai ne mai shafin nan da ke ɓata mana suna?" Manaja ya tambaya.

"Ke dai," in ji muryar tsohuwa, ba gaggawa ba rawa. "Ni ce. Kai kuma wane ne da za ka kira ni da wayar ɗana?"