Manomin da ya raba wa tagwaye allura

Ajiye hular nan ka zauna, ɗan ƙanena, tun da ka ce ba za a kai jaririnka rigakafi ba don kada ƙwaƙwalwarsa ta dushe. Ban ga laifinka ba, so ne ya kawo tsoron. Amma bari goggonka ta ba ka misali.

An yi wani manomi mai taka-tsantsan, wanda ko sabon iri aka ba shi ba ya shuka shi a gona duka. Kunya ɗaya yake warewa a gefe ya gwada, sai ya ga abin da ta haifar. Da Allah ya ba shi tagwaye mata a haihuwar fari, ya ji ana cewa allurar jarirai tana toshe kan yaro, sai ya ɗauko dabarar gona ya kawo cikin gida. Ya ce wa matarsa ta riƙa kai ƙaramar asibiti, babbar kuwa a bar ta a gida, a ga wadda za ta fi kai. Matar ta ce to. Yara suka taso, babbar bakinta kamar na aku, tun ba ta iya tsayuwa ba take kiran sunan kowa. Ƙaramar kuma shiru-shiru, ta daɗe ba ta yi magana ba, sai dai ta zauna tana jera duwatsu tana kallon tururuwa. Bawan Allah ya sa abin a ransa. Duk lokacin da ya dubi ƙaramar sai tausayi ya kama shi, yana ganin da bakinsa ya jawo mata. Ita yake saɓawa a kafaɗa zuwa gona, ita yake ɓare wa gyaɗa. Babbar kuwa da ita yake cika baki a majalisa, amma daga nesa, domin ka san kunyar 'yar fari: ba ya kiran sunanta, ba ya ɗora ta a cinya, balle ya tsaya inda ake yi mata wanka.

Ana nan sai aka haifa musu Gambo, a daidai lokacin da tari mai tsanani yake ɗaukar jarirai a ƙauyen da ke tsallaken rafi. Matar ta goya shi za ta asibiti, mijin ya tsaya a bakin zaure ya ce ba inda za a kai shi, shi ya riga ya gwada ya ga sakamako, ba zai lalata kunya ta biyu ba. Matar ba ta yi masa musu ba. Ta kira tagwayen, ta tsayar da su a gabansa, ta naɗe hannun rigar ƙaramar, ga ɗan tabon allura a damtsen hagu. Ya ce ai wannan ya sani. Ta naɗe na babbar, ga tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya.

"Malam," in ji ta, "a ina ka taɓa ganin an yi wa tagwaye abu an bar ɗaya? Ko zane ne tare ake yanka musu. Duk ranar da na goya wannan, waccan tana hannuna."

Ya daɗe a tsaye yana duban damtsen biyu. Ashe duk shekarun nan gonar gaba ɗaya aka shuka, bambancin da yake gani halitta ce kawai, kowace da irin kan da Allah ya ba ta. Ƙaramar da yake yi wa kallon wadda aka cuta, ita ce ta fara gane tunkiyarsu da ta ɓata a cikin garken kasuwa, ya kuma san da haka, tsoro ne ya hana shi lissafawa da shi. A ranar, karo na farko, ya ajiye kunya ya dafa kan 'yar farinsa. Sannan ya karɓi lema daga hannun matarsa, ya riƙe wa Gambo har ƙofar asibiti.

To ɗan ƙanena, kai ma kafin ka tashi, naɗe hannun rigarka na hagu ka duba tabon. Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka allurar, ka tsala ihu har ka jiƙa mini zane, ga shi yau kai ne mai karanta wa dangi abin da ya shige musu duhu. Je ka ce wa matarka ta shirya yaron. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.