Rezar da Ke Kan Maƙogwaro

Da mai askin ya buɗe ido, rezarsa tana kan maƙogwaron tsohon da yake yi wa gyaran gemu, kumfar sabulun kuwa har ta bushe.

Bai san lokacin da idonsa ya rufe ba. Watanni ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya sha ƙwayoyin likita, ya bar shayi, matarsa ta hana yara ko tari kusa da ɗakinsa. Duk a banza, haka zai zura wa silin ido har gari ya waye. Roƙonsa kullum ɗaya ne: Allah Ya kawo barci, ko yaya yake.

Ga shi an amsa masa da rana tsaka, a tsaye, da kaifi a hannu.

Wani siririn jini ya gangaro wuyan tsohon, ya shige cikin tawul. Tsohon bai motsa ba, baki a buɗe.

"Baba? Baba, don Allah!"



Can tsohon ya ja dogon minshari, ya buɗe ido ɗaya.

"Me ya sa ka tsaya, ɗana? Ni fa barci gagarata yake yi a gida. Duk duniya ba inda nake sakin jiki in runtsa sai a hannunka." Ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa. "Ƙarasa min."

Mai askin ya dubi rezar. Sai ya ji hamma tana taso masa.