Hannun Wanzami a Rana ta Tara

Kwana tara da wani wanzami ya daina shaƙar hodar iblis, aka aiko masa askin suna daga gidan wani attajirin fatu. Gidan gado ne. Ubansa ne ya aske maigidan yana jariri, kuma gidajen dangin, sun fi goma, ba su san askar kowa ba sai ta gidan wanzamin. In ya rasa wannan gida, ya rasa sauran.

Kwana ukun farko barci ya yi kamar gawa, in ya farka ya cinye tuwo kwano biyu bai ji ɗanɗanon miya ba. Daga nan barcin ya ƙaurace masa, duniya ta koma toka, dariyar 'ya'yansa ma sai ta riƙa sukarsa kamar ƙaya. Matarsa kaɗai ta san halin da yake ciki. Ta tsince duk ƙullin hodar da ke ɗaki ta ƙone, amma ba ta san da ɗaya da ya cusa cikin ƙahon da yake yi wa mutane ƙaho da shi ba, domin tun da aka kawo ta ba ta taɓa buɗe zabirarsa ba. Da wannan ƙullin ya tafi gidan suna da hantsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, kakar jaririn ta zauna a gabansa da yaron a cinya. Ya wasa aska a jikin fata, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa yadda ubansa ya koya masa, sai ga jini ya tsatso. Shekara ashirin yana wannan gwaji bai taɓa yankar kansa ba. Ya dubi kan yaron, ya ga maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakar ka, tana bugawa a hankali ƙarƙashin gashi. Sai ya rufe yankan da hannun riga, ya nemi buta, ya ce zai kewaya.

A banɗaki ya zaro ƙullin. Zuciya ta ce masa shaƙa ɗaya ce, hannu ya tsaya, a yi aski a tashi, gobe a sake lissafi daga farko. Amma ya san hannun da hodar ke bayarwa, mai sauri da ganin ya iya. Da shi ya tsage kunnen wata jaririya bara, ya ce ita ce ta motsa, aka yarda. Ya daɗe a tsaye har ya ji ana tambayar ina wanzami. Ya saki ƙullin cikin masai, ya dawo zaure ya durƙusa gaban maigida, ga liman, ga baƙi.

"Alhaji, a kira wani," ya ce. "Shekara uku ina shan hodar iblis. Yau kwanana tara da bari, kuma hannun nan bai isa ya taɓa kan yaro ba."

Kakar ta ja zane ta lulluɓe jaririn. Maigida bai ɗaga murya ba, ya dai ce Allah ya sawwaƙe, ya sa aka ɗauko wani wanzami na bayan kasuwa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin gidan. Shi kuwa wanzamin gado, ba a ba shi goro ba, balle kason naman rago. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, gidajen dangin nan suka bi sabon hannu, wasu iyayen suka fara duba tsofaffin tabo a kawunan 'ya'yansu.

Washegari ya damƙa wa matarsa zabirar ta kulle a akwati, ta raka shi asibitin da ake duba masu shaye-shaye. Ya zauna a benci yana gumi, ƙishirwar hodar na nan ba ta ragu da ƙwayar gero ba, yana jiran a kira sunansa. A can gidan attajiri kuwa, ana ta miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, kansa fes, ko ƙwarzane babu.

Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.